Allurar da Aka Hana Babanku

Na daɗe ina haɗiye wannan magana, har ta zame mini kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Kun tashi kuna jin labarin mutuwar babanku daga bakin mutanen gidansu na Wara, kuma ko daga bakin wa ya fito labarin guda ne: wai matarsa 'yar boko ta kwashe shi zuwa asibiti, aka tsokani ciwonsa da allura, ciwon ya fusata ya cinye shi. Matar nan ni ce, uwarku. Ban taɓa tanka musu ba, don kuna ƙanana, kuna bukatar dangin ubanku fiye da yadda nake bukatar a wanke ni. Yanzu dole ce ta buɗe mini baki. Babbarku ba ta da lafiya. Likita ya ce daji ne a bakin mahaifa, an kuma gano shi da sauran dama, magani shi ne gashi tare da ƙarin ruwan da ake yi ta jijiya. Ita kuwa ta ce gashin ta yarda, allura ce ba za ta taɓa jikinta ba. Na san inda ta samo wannan magana, don na taɓa jin ta, kuma na ga abin da ta haifar.

Ku da kuka san babanku kaɗan, bari in tuna muku shi. Jirgin ruwa mai inji gare shi, yana ɗaukar mutane da buhunan shinkafa da kwandunan banda daga Wara zuwa kasuwannin bakin tafki. Murya gare shi kamar me. In ya kira fasinja daga bakin ruwa, na cikin gari sai ya ji. Ni kuma ina koyar da kemistiri a makarantar sakandare a Yawuri, inda muka zauna. Danginsa ba su taɓa sabawa da hakan ba. A gabana Malama suke ce mini, a bayana mai haɗe-haɗe. Da na haifi babbarku, bayan yaye kakarku Inna ta zo ta goya ta ta tafi da ita Wara, kamar yadda ake yi da ɗiyar fari, ni kuma kunya ta hana ni ko ɗaga kai. A can ta girma, a gidan Baffanku Ɗanjumma, wan babanku. Shi ya sa har yau Malama take ce mini kamar kowa, ni ma ban taɓa kama sunanta ba. Ku riƙe wannan, don ku gane dalilin da ya sa maganar Baffa ta fi tawa nauyi a kunnenta.

Muryar nan tasa ce ta fara dishewa. Muka ce sanyin ruwa ne, aka sha citta da kanumfari da zuma har ya gaji. Sai wani kumburi ya fito a gefen wuyansa, tauri kamar ɗanyar goruba, ba ya ciwo. Rashin ciwon nan shi ya tayar mini da hankali. Na matsa masa har muka je babban asibiti a birni, tafiyar yini guda a mota, aka yi gwaje-gwaje, likita ya zaunar da mu ya ce daji ne a maƙogwaro. Ya ce ba sai an yanka ba. Za a riƙa gasa wurin da wani haske mai ƙarfi kullum ban da ƙarshen mako, na wajen wata biyu, sannan sau ɗaya a mako a yi masa ƙarin ruwa da wani magani. Ya nanata mana cewa maganin nan ba shi kaɗai zai yi aiki ba, abokin tafiyar gashin ne, dole su tafi tare. Da ya ji abin da nake koyarwa sai ya ja takarda ya zana mini yadda abin yake, na kuma gane shi sarai. Na fito daga ɗakin nan da ƙwarin gwiwa, wallahi har murmushi na yi.

Sai dai namiji in ya kwanta ciwo a wurinmu, ba na matarsa ba ne, na danginsa ne. Dole muka je Wara neman izini. Na sami Baffanku a bakin ruwa ƙarƙashin inuwa, ya baje taru a cinya yana ɗinkin inda ya yage. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da likita ya ce. Bai ɗago ba.

"Malama, tun kakanninmu an san daji ba shi son ƙarfe. Ko aska ko allura, in ta taɓa shi, tashi shikai shi bi jiki. Ke da karatunki ba ki san wannan ba?"

"Yaya, ka ba ni dama in yi maka bayani."

"Ina jin ki."

Abin da na gaya masa a ranar shi zan gaya muku, kuma ku karanta shi a tsanake, ba don jarrabawa ba. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, a cikin kowace kuma akwai wata siririyar igiya mai tufka biyu, wadda ke ɗauke da duk umarnin yadda ƙwayar za ta rayu ta hayayyafa. Daji ƙwayoyi ne da suka ƙi jin birki, sai hayayyafa suke. In kana so ka kashe su, igiyar nan za ka tsinka. Hasken gashi ba wuta ba ne irin ta murhu, sunan ne kawai. Yawancin aikinsa ma ta hannun ruwa yake yin sa, don cikin ƙwayar kusan duk ruwa ne. Hasken yana ratsawa ya fasa ƙwayar ruwa, ɓarin da ya ɓalle ya fito a yunwace, ya rasa abin da zai daidaita shi, kafin ƙiftawar ido ya fizgi abin da ya rasa daga duk abin da ke kusa. In igiyar ce a kusa, sai ya yage ta. To amma ƙwaya ba ta zaune haka kawai. Tana da nata masu ɗinki, kamar yadda kai Yaya kake ɗinke tarunka da rana ka koma ruwa da shi. A gasa yau, kafin gobe sun ɗinke da yawa daga cikin ɓarnar. Iskar da muke shaƙa tana taimakon gashi, don takan manne a bakin yagar ta hana ta haɗuwa, amma can tsakiyar kumburi jini ba ya isa sosai, iskar ta yi ƙaranci, ƙwayoyin wurin su suka fi taurin kai.

Nan ne maganin ke shigowa. Yana cikin jini shiru yake tafiya, don gishirin jini yana da yawa, ya riƙe shi. Da ya shiga cikin ƙwaya, inda gishirin ya yi ƙasa, sai ya saki wasu abubuwa biyu da ke riƙe a hannuwansa, hannuwan nan biyu su kama igiyar a wuri biyu su ɗame ta, ta lanƙwashe. Masu ɗinki su zo su tarar da ƙulli a kan yaga, zare ya ƙi wucewa. Gashi ya yaga, magani ya hana ɗinki, gobe a ƙara yagawa a kan ta jiya, har ƙwayar ta kasa rabuwa ta mutu. Shi ya sa dole maganin ya kasance a jiki a kwanakin da ake gashin. Abu ɗaya ne ban gaya wa Baffanku ba: a tsakiyar sinadarin nan akwai ɗigon wani farin ƙarfe mai tsada, shi ne ma mai hannuwan. Da na kuskura kalmar ƙarfe ta fita bakina, da ko mota ba mu shiga ba.

Ya saurare ni har na gama, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sannan ya ciji zare ya tsinka.

"Na ji karatunki. Wutar nan da kika ce, tana taɓa shi da wani abu?"

"Ba abin da ke taɓa shi, Yaya. Kwanciya kawai zai yi."

"To ku tafi. Allah shi ba da lafiya."

Na tashi ina murna, a zatona na ci nasara. Ashe rabin maganata ya ɗauka, ya bar mini rabin a bakin ruwa.

Makonni biyun farko ni na yi jinyar babanku. Ba zan yi muku ƙarya ba, maganin nan yana da wuya. Ranar ƙarin ruwa da washegarinta amai yake yi kamar zai fitar da hanjinsa, kunnensa na ƙara, ga ruwa da ake ɗura masa leda bayan leda don kare ƙodarsa. Ina riƙe masa kwano ina ce masa ya daure, abin da ke wahalar da shi ya fi wahalar da ciwon. Yakan harare ni ya ce da disasshiyar muryar nan, ke dai komai sai kin mai da shi darasi. A haka Baffanku ya zo dubiya, ya kuma faɗo ranar amai. Ya tsaya a kan babanku, ya dubi ledar da ke rataye, ya dubi allurar da ke bayan hannunsa. Da muka fito waje ya ce mini abin kunya ne mace ta zauna cikin maza tana jinyar namiji alhali 'yan'uwansa na raye, ga yara ƙanana na bari wa maƙwabta, ga ɗalibaina na fuskantar jarrabawar fita. Duk gaskiya ne. Babanku ma ya ce in koma, Yaya ya isa. Na ja Baffanku gefe na nuna masa ɗakin ƙarin ruwa, na gaya masa ranar da ake yi, na roƙe shi don Allah kar a tsallake ko sau ɗaya.

"Ki tafi abinki, Malama. Ƙanena na, na fi ki son shi."

Wannan ma ban musa ba, har gobe.

Ina Yawuri muna waya da Baffanku. Sai na ji labari mai daɗi: amai ya tsaya, yana shan kunu, har yana fita ya zauna a inuwa. Na yi ta godiya ga Allah, na ce jikinsa ne ya saba da maganin, na dafa abinci na ba da sadaka. In na tambaya ko an yi ƙarin ruwan wannan makon, Baffanku ya ce, komai na tafiya yadda ya kamata. Ku lura, bai taɓa ce mini an yi ba. Mutum ne mai tsoron ƙarya, sai dai ya kewaye ta. Da aka gama jarrabawa na hau mota na koma, saura 'yan kwanaki a kammala gashin. Na sami babanku zaune a kan tabarma, fatar wuyansa ta yi baƙi ta saɓule, haɗiya na yi masa wuya, amma idonsa garau. Na zuba masa ruwa a buta zai yi alwala, ya miƙo hannu. Bayan hannun nan sumul. Na juya ɗayan, shi ma haka. Lokacin da na tafi, wuraren allura biyu na bari sun yi shuɗi-shuɗi. Sun warke, babu kuma sabo ko ɗaya. Butar ta suɓuce daga hannuna.

"Yaya, ina ake sa masa ruwan?"

"Ba a sa mai. Mun ce ba mu so, shi ma ya ce ba shi so, likita ya yi ta magana har ya gaji. Ga shi kin gani da idonki, tun da anka bar allurar nan ya samu kanshi. Da mun biye miki da yanzu wani zance akai."

Na juya wurin babanku. Shi nake so ya yi magana, don shi ya zauna kusa da ni ranar da likita ke zane a takarda, ya san komai. Ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan da ya zube.

"Yayana na," ya ce a hankali. "Tun da ruwa ya ci babanmu shi ya riƙe ni. Shi ya koya mini iyo. In ce mai a'a a gaban mutane?"

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan lokaci ba, kuma ina son sa. Namijin da ke tsawata wa jirgi cike da mutane a tsakiyar igiyar ruwa, ya kasa buɗe baki ya ceci wuyansa don kar ran wansa ya ɓaci. Na tafi wurin likita ko mayafina ban gyara ba. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba a ɗaure baligi mai hankali a sa masa magani, ya kuma nemi a kira ni aka ce ba sai an dame ni ba. Na ce to a biya abin da aka tsallake, a yi masa duka bayan an gama. Ya girgiza kai. Ni ma na san amsar tun kafin ya faɗa, bakina ne kawai ya ƙi yarda. Yagar da aka yi a makonnin nan an riga an ɗinke wadda za a ɗinke. Kuma wuya ba ya ɗaukar cikakken gashi sau biyu, naman lafiya da ke kewaye ya riga ya sha iya rabonsa. Da na dawo ina kuka, Baffanku ya ga abin ya yi yawa, sai ya sassauta murya.

"To in hankalinki zai kwanta, a yi mai guda ɗaya yanzu. Mi a ciki?"

Mi a ciki! Kamar wanda ke ba yaro alewa ya yi shiru.

Muka dawo gida, kumburin ya sace har ba a ganin sa. Aka yi ta zuwa barka daga Wara, daga Shanga, har da abokan sana'arsa na tsallaken ruwa. Baffanku yana zaune a zaure yana ba kowa labarin yadda ya ƙwace ƙanensa daga hannun masu allura. Ni ina ciki ina dama fura wa baƙi, ina roƙon Allah ya sa ni ce ban san komai ba. Wallahi na fi kowa son a ce Baffa ne mai gaskiya. Babanku ya koma jirginsa, ya yi damina guda a kan ruwa. Kafin wata daminar kumburin ya dawo a wurin da yake, ya fi na da, wannan karon da ciwo. Mutanen da suka ce rashin allura ne ya warkar da shi, su ne dai suka juya suka ce allurai biyun nan na farko, waɗanda aka yi a hannuna, su suka tsokano shi, ya yi kwanton ɓauna ya dawo. Ko ta ina aka bi, laifin a kaina yake sauka. Ya rasu muryarsa ba ta fita, sai da hannu yake kira na.

Ina cikin takaba a ɗakin Inna mata na shigowa gaisuwa, su yi mini addu'a a ciki, su fita tsakar gida su ce boko ya yi rana. Ina jin su ta taga. Babbarku, lokacin ta zama budurwa, ita ke kai musu ruwa, tana ji ita ma. Rannan ta shigo ta ajiye mini kwanon abinci, ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, irin duban da ba a yi wa uwa. Na so in jawo ta in zaunar da ita in yi mata bayani. Amma ɗiyar fari ce, a gidan surukai nake, kuma ba a saba ganin mun yi doguwar magana ba. Ta fita.

Ba zan ce muku da an yi masa allurar nan da yana raye ba. Rai na Allah ne, kuma akwai waɗanda aka yi musu duka biyun suka tafi. Abin da na sani, wanda likitoci suka sani, shi ne haɗin nan yana ƙara wa mutum dama, kuma damar nan aka ɗauke masa ba tare da an ba shi komai a madadinta ba, sai sauƙin 'yan makonni. Ba kuma zan ce Baffanku mugu ne ba. Bayan rasuwar, buhun shinkafa bai taɓa yankewa a gidanmu ba, kifi kuwa har muna ba maƙwabta, shi ya aurar da ku. Na ci abincinsa ina jin ɗacinsa, na yi masa godiya ina durƙushe. Ya tsufa yanzu, ido ya tafi, amma bakin na nan. Na sami labarin wurinsa babbarku ta fara zuwa da takardar likita, kafin ta kira ni.

Da ta kira, gaisuwa muka yi kamar baƙi. Sannan ta ce:

"Malama, na ga abin da allura ta yi wa Baba. Gashin zan yi, shi ke nan. Baffa ya ce shi kaɗai ma ya isa."

Na buɗe baki, sai na ji kunyar nan ta shekara da shekaru ta riƙe mini harshe, na ce Allah ya sawwaƙe, ta kashe waya. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ku ƙannenta ku karanta, amma ba ku nake nufi ba.

Kunya ta ci mini miji, ina ganin ta ishe ta haka. An karɓe ki daga bayana ban ce komai ba, an gaya miki ni na kashe ubanki ban ce komai ba, duk don a ce ina da alkunya. To na ajiye ta. Hadiza. Ni na haife ki, Hadiza, kuma ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba sai yau da alƙalami. Babanki ba allura ce ta kashe shi ba, bayan hannunsa sumul yake, ni na gani. Za ki yi amai, za ki tsane ni, ki zage ni ma in kin ga dama, ni zan riƙe miki kwanon. Na riga na ɗaure kayana, kuma wannan karon ko duk Wara za su taru a ƙofar asibiti su ce abin kunya ne, ba mai mayar da ni gida.